Sun Gudu, Amma Ba Su Rama Ba: Dogara ga Allah a Ekklesiyar 'Yan'uwa

Da safiyar 29 ga Oktoba, 2014, mayaƙan Boko Haram suka faɗa wa Kwarhi, wani ƙauye da ke kan hanyar Mubi a Jihar Adamawa. A nan hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wadda aka fi sani da EYN, a nan kuma kwalejinta ta horar da fastoci take, mai suna Kulp. Ma'aikata da ɗalibai da iyalansu suka bazama daji, wasu suka hau duwatsu, wasu suka nufi iyakar Kamaru da yara a goye. A ranar Mubi ma ta faɗi, daga baya maharan suka raɗa mata suna Madinatul Islam. Shugabannin cocin, ƙarƙashin Rabaran Samuel Dali, suka kwashe ofisoshinsu zuwa Jos.

Wannan coci ce da ta shafe shekara casa'in tana koya wa mabiyanta cewa Allah ne mai tsaro, kada su ɗauki makami, kada su rama mugunta. To ga shi rana ta ɓaci, su ma sun ranta a na kare kamar kowa. Wasu suka ce ina dogarar da ake faɗa, tun da ba su tsaya ba? Wasu kuma suka ce ai ga sakamakon wauta nan, da sun tanadi bindiga da ba a kore su ba. Duka ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa dogara ga Allah tana nufin mutum ya naɗe hannu ya zauna. Tarihin wannan coci, da Littafi Mai Tsarki da take karantawa da Hausa kowace Lahadi, sun nuna cewa maganar ta fi haka zurfi, ta kuma fi haka wuya.

Asalin cocin yana wani ƙauyen Jamus mai suna Schwarzenau, inda a 1708 mutum takwas, ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack, suka yi baftisma a kogin Eder. A Jamus ta wancan zamani, yi wa baligi baftisma a wajen cocin gwamnati laifi ne. Sun ƙi yin rantsuwa, sun ƙi shiga soja, suna wanke wa juna ƙafa kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa, suna kuma ɗaukar Huɗubar Kan Dutse a matsayin dokar rayuwa ta yau da kullum. Tsanani ya sa yawancinsu suka ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1719 da 1729. Daga can ne mishan biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka iso ƙasar Bura, suka yi sujadar farko a gindin wata tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923. Aka gina asibiti da makarantu da wurin jinyar kutare, aikin ya bazu cikin Margi da Kilba da Higi da mutanen Chibok, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su a majami'a.

Da yankin nan ya zama filin daga, babu cocin da ta sha wuya kamar EYN. Mafi yawan 'yan mata 276 da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilu, 2014, 'ya'yanta ne. Shugabancin cocin ya ce an kashe mabiyanta fiye da 8,000, fiye da 700,000 kuma sun rasa matsuguni. An ƙone majami'u ɗaruruwa. Dubbai sun ƙare a sansanin Minawao a Kamaru, musamman mutanen Gwoza. Saboda haka idan ɗan EYN ya ce "muna hannun Allah", ba daga kan kujera mai laushi yake faɗa ba.

Me ya sa gudu bai saɓa wa koyarwarsu ba? Domin Littafi Mai Tsarki cike yake da bayin Allah da suka gudu. Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri Yesu cikin dare ya tsere Masar saboda Hirudus. Almajirai sun zura Bulus cikin kwando ta bayan ganuwar Dimashƙu don ya kuɓuta daga masu neman ransa. Yesu da kansa ya gaya wa almajiransa cewa in an tsananta musu a wani gari su koma wani. A lokacin da Shaiɗan ya ce masa ya diro daga ƙololuwar Haikali tun da mala'iku za su tare shi, ya ƙi, don yin haka gwada Allah ne. Musulmi za su gane wannan nan take, don sun san labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure dabbarsa sannan ya yi tawakkali. Bahaushe ma yana cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ashe ke nan kulle ƙofa da daddare, da zuwa asibiti, da barin gari in an ji ƙarar bindiga, duk ba su ne matsalar ba. Abin da malaman Kirista ke gargaɗi a kai shi ne irin kāriyar kai da tsoro ke jagoranta, wadda mutum zai sayi tsaronsa da gaskiyarsa, ko da ran wani.

Misalin da ya fi taɓa zuciya shi ne na Ibrahim, kuma abin mamaki, shi ne mutumin da Kirista ke kira uban masu bangaskiya. Littafin Farawa ya ba da labari cewa yunwa ta kai shi Masar. Da ya kusa shiga, sai ya dubi matarsa Saratu, ya ga kyanta, ya lissafa cewa Masarawa za su kashe shi don su ɗauke ta. Sai ya roƙe ta ta ce ita 'yar'uwarsa ce. Dabarar ta yi aiki ta fuska guda: ba a taɓa shi ba, har ya samu tumaki da shanu da raƙuma. Amma an kai Saratu gidan Fir'auna. Shi ya tsira, ita ta ɗauki haɗarin. Bayan shekaru ya sake yin haka a Gerar, da sarkin wurin ya tambaye shi dalili, ya amsa cewa ya zaci babu tsoron Allah a garin. Labarin ya nuna zatonsa kuskure ne, don sarkin ya fi shi nuna gaskiya a wannan lamari. Abubuwa biyu ne suka fito fili a nan, kuma duk inda tsoro ya karɓi ragama za a same su: mutum yana yanke wa baƙo hukuncin mugunta tun bai san shi ba, sannan yana tura wani mai rauni gaba ya zama garkuwarsa.

Labarin Ezra da Nehemiya ya fi wannan koyar da hankali, domin mutane biyu ne masu tsoron Allah da suka yi abu daban a hanya ɗaya. Ezra zai jagoranci Yahudawa daga Babila zuwa Urushalima, tafiyar wata huɗu, da mata da yara da zinariya da azurfa mai yawa ta Haikali, a hanya mai 'yan fashi. Ya tara jama'a a bakin kogin Ahawa ya kira azumi. Ya ce ya ji kunyar roƙon sarkin Farisa sojojin rakiya, tun da da bakinsa ya gaya wa sarkin cewa Allahnsu yana kiyaye masu nemansa. Suka tafi ba soja, suka isa lafiya. Bayan kamar shekara goma sha uku, Nehemiya ya bi hanyar zuwa Urushalima, shi kuwa da hafsoshi da mahayan dawakai na sarki, bai kuma ji kunyar komai ba. Da maƙiya suka yi barazana lokacin ginin ganuwa, ya sa aka yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana. Littafin bai zargi ko ɗayansu ba.

Amma akwai ranar da Nehemiya ya ce a'a. Wani mutum mai da'awar annabci ya kira shi ya ce za a zo kashe shi da dare, su shiga cikin Haikali su kulle ƙofa. Nehemiya ba firist ba ne, shiga can ba hakkinsa ba ne, kuma shugaban da ya ɓuya ya bar magina a fili ya gama karya musu zuciya. Ya gane cewa hayar mutumin aka yi don a tsorata shi ya yi zunubi. Ya ƙi. Aka gama ganuwar cikin kwana 52. Mutumin da ya yarda da masu gadi shi ne ya ƙi mafakar da za ta ci masa amana, kuma a wurin nan ne iyakar take.

Kakannin EYN a bangaskiya sun tsaya a wuri mai tsauri fiye da Nehemiya, domin sun karanta labarin Gatsemani. A daren da aka kama Yesu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen wani bawa mai suna Malkus, Yesu ya ce ya mayar da shi kube, ya kuma warkar da kunnen. Kafin zakara ya yi cara, wannan Bitrus ɗin ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku a gaban bayi. Takobin da musun duk daga tushe ɗaya suka fito, wato mutum ne da ya ga abin da ya dogara da shi yana rushewa, ya shiga neman hanyar ceton kansa.

Wani labari daga ƙasar Holan, wanda coci-cocin da suka gaji wannan koyarwa ke yawan ba yaransu, ya nuna inda ta kan kai mutum. A 1569 aka tsare Dirk Willems a garin Asperen saboda ya sake yin baftisma yana baligi. Ya ƙulla tsummoki ya yi igiya ya sauko ta taga, ya bi ta kan wani tafki da sanyi ya daskarar da ruwansa. Yunwar kurkuku ta rage masa nauyi, ya haye. Mai gadin da ya biyo shi kuwa ƙanƙarar ta fashe da shi, ya faɗa ruwa yana ihu. Dirk ya waiwaya, ya dawo, ya ciro shi. Mai gadin ya so ya sake shi, amma magajin garin ya tuna masa rantsuwar aikinsa. Aka ƙone Dirk ranar 16 ga Mayu na shekarar. A lura, shi ma gudu ya yi, kuma ba wanda ya ce ya yi laifi da ya gudu. Abin da ya ƙi shi ne ya bar wani ya nutse don shi ya tsira. Labarin bai ƙare da mu'ujiza ba, kuma masu ba da shi ba sa ɓoye hakan. Wannan yana da muhimmanci, don akwai wa'azin da ya cika gari yanzu mai cewa wanda ya dogara ga Allah harsashi ba zai same shi ba. Mutanen Chibok da Gwoza da Michika sun binne masu bangaskiya da yawa, sun san ba haka alkawarin yake ba.

Irin wannan wa'azi yana da kasuwa ne saboda tsoro yana da kasuwa. Fastoci a Arewa sun daɗe suna kuka da mabiyan da ke zuwa sujada da laya a aljihu, ko guru a ƙugu, ko waɗanda suka sha maganin ƙarfe da na bindiga kafin tafiya. Wasu kuma sun bar boka sun koma wurin mai sayar da man shafawa da ruwan da aka yi wa addu'a, kowace kwalba da kuɗinta. Tufafin ne suka sauya, amma buƙatar ɗaya ce: a samu wani abu a hannu da zai tilasta wa gobe ta zo yadda ake so. Ba a yi wa irin waɗannan mutane adalci ba in aka yi musu dariya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Sai dai wanda ya ɗaura laya bai daina jin tsoro ba, ƙari ma ya samu, don yanzu yana fargabar kada ta faɗi ko wani ya karya ta.

Tsoro yana sake fasalin birane ma. Bayan rikicin shari'a na 2000, Kaduna ta rabu kusan gida biyu, Musulmi suka fi taruwa arewacin kogi, Kirista suka koma kudu. Jos ta bi sahu bayan rikicin Satumbar 2001. Kowane magidanci da ya sayar da gidansa ya koma cikin nasa yana da hujja mai ƙarfi, ba mai iya ce masa ya yi kuskure. Amma da aka tara waɗannan hujjoji wuri ɗaya, sai aka samu yaran da suka girma ba su taɓa cin tuwon sallah ko shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabci ba. Yaron da bai san kowa a ƙetaren kogi ba, duk abin da aka gaya masa game da su zai yarda.

Fasto James Wuye ya san wannan hanya har ƙarshenta. Yana cikin jagororin matasan Kirista a Kaduna da suka shirya kansu don faɗa, da sunan kāre majami'u. A rikicin da ya biyo bayan faɗan Zangon Kataf a 1992 ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, suka fara aiki tare, amma Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya yi shekaru yana tafiya da Ashafa alhali zuciyarsa na raya masa ya kashe shi. Abin da ya sassauta shi, a cewarsa, har da ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyarsa a asibiti, da kuma wani mai wa'azi da ya gaya masa ba zai iya shelar Almasihu da ƙiyayya a ciki ba. Cibiyar sulhu da suka kafa ta taimaka wajen yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002, ta kuma yi aiki a Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004. Wuye bai zama mutum mai aminci daga haɗari ba don ya ajiye makami. Wasu daga cikin nasa ma sun ɗauke shi maci amana. Abin da ya samu shi ne ya daina zama bawan abin da ya faru da shi a 1992.

Ba duk Kiristan Nijeriya ne suka yarda da matsayin EYN ba, kuma masu saɓa mata ba mutanen banza ba ne. Tun bayan rikicin Kafanchan na 1987 ake jin masu cewa an mari kunci na ɗaya, an mari na biyu, ba su da na uku. A Maris na 2018, a wurin bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, Janar T. Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su tashi su kāre kansu, yana zargin sojoji da rashin tsayawa tsakani. Manyan coci-cocin duniya da yawa, Katolika da wasunsu, suna koyar da cewa kāre mara ƙarfi daga mai kisa halal ne, wani lokaci ma wajibi. A cikin EYN kanta akwai sojoji da 'yan sanda, akwai kuma matasan da suka shiga 'yan banga. Gaskiya ce kuma cewa da sojoji da mafarauta da 'yan banga aka ƙwato Mubi a Nuwambar 2014, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami sun koma gidajensu ne a bayan waɗanda suka ɗauka. Duk mai son ya yaba wa EYN dole ya faɗi wannan.

Mai wannan rubutu ba ya ganin yana da bakin da zai ce wa uban da aka ƙone wa gida sau biyu kada ya tsaya gadi. Amma yana ganin akwai abin da EYN ta riƙe wanda ƙasar nan ke matuƙar buƙata. Tsayawa gadi a bakin gari daban, zuwa ƙauyen da ke kusa washegari a kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba daban. A rikice-rikicen Filato da Kudancin Kaduna, sau da yawa tazarar da ke tsakanin biyun kwana ɗaya ce. Tsoro ne ke cike wannan tazara, shi ke cewa a riga su kafin su riga mu, shi ke mayar da kowane mai rawani ko mai gicciye abokin gaba. Coci mai mabiya dubu ɗaruruwa, wadda aka yi wa abin da aka yi wa EYN, da shugabanninta sun hau bagade sun ce a rama, da jinin da zai zuba a Adamawa da Borno ya wuce lissafi. Ba su ce ba. Sun yi kuka, sun caccaki gwamnati a fili kan sakacinta, sun nemi a turo jami'an tsaro, amma sun ci gaba da gaya wa mabiyansu cewa maƙwabcinsu Musulmi shi ma Boko Haram ta kashe masa ɗa.

Sun kuma bi maganar da aiki. Markus Gamache, ma'aikacin cocin, ya jagoranci kafa matsugunin Gurku a Jihar Nasarawa, kusa da Abuja, inda aka zaunar da 'yan gudun hijira Kirista da Musulmi a unguwa ɗaya, da majami'a da masallaci. A lokacin da kowa ke neman nasa, wannan ganganci ne a idon mutane da yawa. A Mubi, fastoci da malaman Musulunci sun ci gaba da haɗuwa a ƙarƙashin shirin zaman lafiya da ake kira CAMPI. A 2016 aka ba EYN da wannan shiri lambar yabo ta Michael Sattler a Jamus. Shi Sattler an ƙone shi ne a 1527, kuma cikin laifuffukan da aka tuhume shi da su har da cewa da ya yi kada Kirista su ɗauki takobi ko da Turkawa ne suka kawo yaƙi, a zamanin da Turai duka ke rawar jiki saboda rundunar Daular Usmaniyya. Cocin ta kuma tura ma'aikatanta su koyi hanyar warkar da raunin zuciya daga mutanen Ruwanda, suka dawo suna zaunar da zawarawa da marayu rukuni-rukuni, kowa ya faɗi abin da ya gani. Wannan ma ɓangare ne na dogara ga Allah, don mutumin da ba ya barci saboda mafarkin abin da ya faru, ba a warkar da shi da tsawa cewa ya ƙara bangaskiya.

A farkon Janairun 2020 mahara suka shiga Michika suka tafi da Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya na ƙaramar hukumar. Bayan kwanaki aka fitar da bidiyonsa. Irin wannan bidiyo an tsara shi ne don a ga mutum yana rawar murya, a tsorata na gida. Andimi ya zauna a natse. Ya roƙi abokan aikinsa da Gwamna Ahmadu Fintiri su yi ƙoƙarin ganin an sake shi, wato yana son rayuwa, bai kuma ji kunyar faɗin haka ba. Ya ce waɗanda ke tsare da shi ba su wulaƙanta shi ba. Sannan ya ce bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya shiga yana hannun Allah. In Allah ya yarda zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa, in kuma bai samu haka ba, to wataƙila nufin Allah ke nan. Ya ce wa iyalinsa kada su yi kuka, kada su damu, su gode wa Allah. An kashe shi ranar 20 ga watan. Wata guda bayan haka aka kai hari Garkida, garin tsamiyar nan, aka ƙone majami'u.

Wanda ya kalli bidiyon zai ga abin da aka yi ta bayani a sama ya taru a mutum ɗaya. Ya nemi taimako ta hanyar da take akwai, kamar Nehemiya. Bai zagi kowa ba, bai yi ƙarya don ya faranta wa masu bindiga ba, bai kuma ɗora wa Allah sharaɗi ba. Ya bar ƙofa biyu a buɗe, ta komawa gida da ta rashin komawa, ya ce Allah yana bayan kowace.

Jarrabawar da ta fi daɗewa kuwa ba a gaban kyamara take ba, a cikin gidaje take. Da sojoji suka fara kuɓutar da mata da 'yan mata daga dajin Sambisa, da yawa sun dawo da ciki ko da goyo. Sai garuruwansu suka ja baya. Ana kiran su matan Boko Haram, ana cewa jinin uban yana jikin yaron, ana tsoron ko an juya musu tunani ko an aiko su da bam. Fargabar tana da tushe, don ƙungiyar ta yi amfani da 'yan mata wajen kai harin ƙunar baƙin wake. Amma sakamakonta shi ne yarinyar da aka sace da ƙarfi ta dawo ta tarar mijinta ya ƙi ta, kishiyoyi da maƙwabta ba sa cin abinci da ita, ba a barin yara su yi wasa da ɗanta. Abin da Ibrahim ya yi wa Saratu ke nan, al'umma ta sayi kwanciyar hankalinta da mafi rauni a cikinta.

Dokta Rebecca Dali, matar tsohon shugaban EYN Samuel Dali, wadda ita ma ta gudu daga gidanta a 2014, ta mai da wannan aikinta. Ƙungiyarta mai suna CCEPI tana karɓar irin waɗannan mata, Kirista da Musulmi, tana ba su abinci da magani, tana koya musu ɗinki da yin sabulu da sauran sana'o'in hannu. Sashen da ya fi wuya shi ne zuwa gida-gida, a zauna da miji ko uba ko mai unguwa, a yi ta lallashi har su yarda su buɗe ƙofa. Ta kuma daɗe tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, ɗaya bayan ɗaya, don kada su zama lissafi kawai. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Geneva saboda aikin mayar da waɗannan mata cikin danginsu. Wasu iyalan sun karɓi 'ya'yansu da jikokinsu. Wasu har yanzu sun ƙi. Ga kuma tubabbun mayaƙan da gwamnati ke sakewa bayan horo a sansanin Malam Sidi a Jihar Gombe, waɗanda wasunsu ke komawa garuruwan da suka taɓa ƙonawa, inda fastoci da limamai ke fuskantar zawarawan da ke tambaya ko dole ne su yi ciniki a kasuwa ɗaya da mutumin da suka gani da bindiga a ƙofar gidansu.